Mota da Direba: Darasin da tseren Pari-Dakar ya bar mana

 Yau maganarmu ta shafi matasanmu masu sha'awar mota, na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, da wata al'ada da ta kama su wadda suke kira ƙara wa mota ƙarfi. Da saurayi ya mallaki ƴar motarsa, tun bai gama biyan kuɗin takardunta ba sai ya nufi garaji: a yanke salansa don ta riƙa ruri, a cire matatar iska wai don inji ya sha iska da kyau, a ɗaura mata manyan tayoyi masu faɗi, a murɗa karbureta ta riƙa kwararo mai. Ranar biki kuwa, lokacin rakiyar amarya, nan ake nuna gwaninta, ana juyi da mota a tsakiyar gari, ƙura ta turnuƙe, yara suna bi a guje suna tafi. In ka tambayi mai motar abin da yake yi, sai ya ce maka ai rali ke nan.

To, tun da rali ake kwaikwayo, ya kamata mu waiwayi ralin da ƙasarmu ta gani da idonta shekara da shekaru, wato tseren Pari-Dakar, mu bincika mu ga abin da ke kai mota ga nasara cikin rairayi da zafi da ƙura irin namu. Duk wanda ya dubi tarihin wannan tsere da idon basira zai tarar cewa yawancin nasarorinsa da dare aka ƙulla su, a zango, a hannun masu gyara. Kuma abubuwan da suke yi wa motocin tsere don su isa Dakar, su ne dai abubuwan da za su rage wa mai taksi da ɗan kasuwa da ma'aikaci kuɗin man da suke zubawa kullum.

Tseren da ya ratsa ta ƙofar gidanmu

Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya ƙirƙiro shi, bayan da ya ɓata da babur ɗinsa cikin Sahara a shekarar 1977. Ran 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Pari, suka ƙetare teku zuwa Aljeriya, suka shigo ƙasarmu ta arewa, suka bi ta Arlit da Agadas da Yamai, sa'an nan Mali, har zuwa Dakar, tafiyar kimanin kilomita dubu 10. Cikin 182 ɗin nan, 74 ne kawai suka ga Dakar. Sauran, fiye da 100, hanya ce ta kayar da su: wannan injinsa ya ƙone, wancan ƙafar motarsa ta karye, wani ya kife, wani ya ɓata.

A wannan karo na farko wasu ƴan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun shiga da Renault 4, ƴar ƙaramar motar da matasanmu na yau ba za su yarda a gan su cikinta ba, amma suka zo na 5 a jerin kowa da kowa, suka bar manyan motoci masu ninkin ƙarfinta a baya. A 1980 suka zo na 3 da irin motar, a 1982 kuma suka cinye tseren da Renault 20 wadda su da kansu suka shirya ta. A 1980 ɗin nan ne kamfanin Volkswagen ya shigo da Iltis guda 4, motar soja wadda ba a san ta da gudu ba. Duka 4 suka isa Dakar, ɗaya cikinsu kuma ita ta zo ta 1.

Daga baya manyan kamfanoni suka shigo da kuɗinsu da jiragensu na sama. Peugeot ta ci sau 4 a jere, daga 1987 zuwa 1990, da 205 da 405 na tsere. Ari Vatanen ɗan ƙasar Finlan ya ci 3 daga ciki, ɗan ƙasarsu Juha Kankkunen ya ci na 1988. Dattawan da suka ga zangon ƴan tsere a Agadas ko Tawa ko Yamai za su shaide mu: direba yakan iso ya ci abinci ya kwanta, makanikai kuwa su kwana a ƙarƙashin mota da fitila, suna canza matatar iska, suna duba baƙin mai da ruwa, suna bin noti ɗaya bayan ɗaya, suna sauya tayoyi. Gobe ma haka, jibi ma haka, har ranar isa.

Sabine ya rasu ran 14 ga Janairu 1986 a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a ƙasar Mali. A shekarar 2000 aka kwashi ƴan tseren ta jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar tsaro, a 2008 aka soke shi ɗungum, daga 2009 zuwa 2019 ya koma Kudancin Amurka, a 2020 kuma ya ƙaura Saudiyya. Tseren ya bar mu, amma ƙasar da ya gwada motoci a kanta tana nan, kuma mu ne ke tuƙi cikinta safe da yamma.

Inji da numfashi yake rayuwa

Kilo guda na isanshi yana bukatar kusan kilo 15 na iska kafin ya ƙone sarai. In aka mai da lissafin zuwa lita, kowace lita guda ta mai sai inji ya shaƙi iska wajen lita dubu 9. Ke nan motar da ta sha lita 20 tsakanin Maraɗi da Damagaram ta shaƙi lita dubu 180 na iskar hanya. Sai mai karatu ya tuna yadda iskar nan take a watan Janairu, lokacin da hazon hunturu ke rufe rana. Ƙurar da ido ke gani kamar gari mai laushi, akasarinta ɓarɓashin yashi ne, yashi kuwa ya fi ƙarfen inji tauri. In ya shiga ya gauraya da baƙin mai, sai ya koma tamkar dutsen wasa wuƙa, yana cin zobban fistan da bangon silinda sannu a hankali. Daga nan inji ya fara shan baƙin mai, shuɗin hayaƙi ya fara fita, ƙarfin da ake nema ya tafi gaba ɗaya.

Saboda haka wanda ya cire matatar iska, ko ya huda ta, ko ya maye gurbinta da ƴar buɗaɗɗiyar nan mai launi da aka yi don filayen tseren Turai masu shara, ya sayar da shekarun injinsa ne a kan ɗan ƙarfin da ko ƙafarsa ba za ta ji shi ba. Akwai ma abin da ya fi haka. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi kauri ba: a zafin digiri 45 na watan Afrilu, lita guda ta iska ta gaza ta digiri 20 nauyi da kimanin kashi 8 cikin 100, abin da ke sa kowace mota ta yi kasala da bazara. Masu ƙera mota sukan ja bututun iska zuwa gaba don inji ya shaƙi ta waje. Wanda ya cire akwatin ya ɗaura buɗaɗɗiyar matata dab da inji, iskar da ta riga ta gasu yake ba shi. Ya biya kuɗi an rage masa ƙarfi, ƙara kaɗai aka daɗa masa.

Matatar da ta toshe ita ma ɓarauniya ce. A tsohuwar mota mai karbureta, in iska ta gaza sai mai ya yi yawa, baƙin hayaƙi ya fita, buji su yi baƙi, tanki ya riƙa sauka. A motar zamani mai injekta, wadda ƙwaƙwalwar lantarki ke auna mata mai, man yakan ragu daidai da iskar, sai motar ta yi nauyi ta ƙi tashi. Maganin duka guda ne: a buɗe a duba kowane mako lokacin hunturu, a kakkaɓe a hankali, in ta ƙi fari a sa sabuwa. A guji hura mata iska mai ƙarfi ta wurin mai faci, domin takarda ce, tana yagewa inda ido ba ya gani.

Kamfanin Peugeot ya san wannan tun da daɗewa, shi ya sa 404 da 504 da aka yi don ƙasashe masu ƙura suka zo da matata mai kaskon mai a ƙasanta, wadda ke kama ƙura a wanke ta a mayar. Wannan 504 ita ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, ita ce kuma ta yi shekaru tana jigilar jama'a tsakanin Maraɗi da Katsina, da Damagaram da Kano. Motocin da suka cika garuruwanmu a yau kuwa, galibinsu tsofaffi ne daga Turai, an daidaita su ne don ƙasashen sanyi. Littafin kowace yana da shafi na musamman don abin da suke kira aiki mai tsanani, wato ƙura da zafi da gajerun tafiye-tafiye, inda sukan ce a rage wa'adin bidanji, sau da yawa da rabi. Mu kullum cikin wannan shafi muke zaune. Direban da ya riƙe bidanji a kilomita dubu 5, da baƙin mai na kirki da sabuwar matatar mai, bai yi ɓarna ba.

Zafi da ruwa

Cikin ƙarfin da ke cikin lita guda ta isanshi, abin da ke juya taya da wuya ya wuce sulusi. Sauran zafi ne, yana fita ta salansa da radiyata, wadda wasu ke kira lagireto. An ƙera inji ya yi aiki da ruwa mai zafin digiri 90 ko kusa da haka, kuma akwai wani ɗan makulli a bakin bututun ruwa, termosta, wanda ke tsare ruwan har inji ya ɗau zafi sa'an nan ya buɗe masa hanya. Al'adar garajinmu ita ce da mota ta iso daga Turai a cire shi a jefar, wai ƙasarmu ba ta bukatarsa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da asubar hunturu, injin da ba shi da wannan makulli yakan daɗe bai ɗau zafi ba, ƙwaƙwalwar mota kuwa muddin ta ji sanyi sai ta ci gaba da ƙara mai, man da bai ƙone ba ya riƙa wanke baƙin mai daga bangon silinda. An yi asarar mai, an yi asarar inji.

In mota tana zafi, akwai dalili, kuma dalilin ake nema: ko radiyata ta toshe da ƙura da ƙwari daga waje, ko ta toshe da gishiri daga ciki, ko fanka ba ta tashi, ko murfi ya mutu. Ruwan rijiya da na famfo suna barin farin dutse cikin ƴan bututun radiyata kamar yadda suke bari a gindin butar shayi, suna kuma kawo tsatsa. Ruwan radiyata na musamman shi ke hana wannan. Murfin radiyata kuma, wanda ba ya kai kuɗin lita 10 na mai, shi ke matse ruwa har ya iya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. In ya saki, ruwa ya tafasa da wuri a hawan tudu, kan inji ya lanƙwashe, a shiga kashe jikkuna masu yawa. Masu tsere ba sa wasa da waɗannan ƙananan abubuwa, domin sun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ruri ba ya tura mota

Gaskiya ne motar tsere tana da ƙara, amma ƙarar ta biyo bayan aikin da aka yi a cikin injin ne: an sake fasalinsa daga sama har ƙasa, an auna tsawon bututun hayaƙi da faɗinsa don su dace da shi, an kuma yarda cewa bayan ƴan kwanaki za a wargaza shi a sake ɗaurawa. Wanda ya ɗauki zarto ya yanke salansar Corolla ko Starlet, ƙarar kaɗai ya ɗauko, ya bar aikin. Sau da yawa ma motar takan rasa ƙarfin tashi daga tsaye, wanda shi ne ake bukata cikin gari.

A motocin zamani akwai wata na'ura a jikin bututun hayaƙi mai sansano ragowar iska tana gaya wa ƙwaƙwalwa ta ƙara mai ko ta rage. In aka cire ta ko aka lalata ta wajen yanke-yanke, ƙwaƙwalwar ta makance, sai ta koma zuba mai da ka, galibi fiye da kima. Akwai kuma tukunyar nan mai tace hayaƙi, wadda ke ɗauke da ƙarafa masu daraja irin su falatinam. Darajarsu ce ke sa wasu ke lallashin mai mota ya yarda a fasa ta, su ce masa ita ke shaƙe motar. In ba toshewa ta yi ba, abin da zai samu kaɗan ne ƙwarai, guba kuwa ta ƙaru a hancin mai sayar da ƙosai a bakin hanya da na ɗansa da ke zaune a kujerar baya.

Taya da kaya

Ƴan tsere sukan rage iskar taya in za su shiga rairayin Tenere don tayar ta baje ta hau kan yashi, amma da sun fito kan tsauri sai su tsaya su mayar da iskar, ko da abokin hamayya zai wuce su. Sun san tayar da ba ta da isasshiyar iska tana lanƙwasa a kowane juyi, tana ɗaukar zafi, tana jan mota baya, daga bisani ta fashe. A kan kwaltar da rana ta gasa, wannan ita ce hanyar da mota cike da fasinja ke kifewa. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tanki, galibi tsakanin kilo 2 da 2 da rabi ga ƙananan motoci, kuma da safe ake aunawa tun taya ba ta ɗau zafi ba. Bugun taya da ƙafa ba awo ba ne.

Ga masu sayen tsofaffin tayoyi, akwai lambobi 4 a gefen kowace taya, a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2 na farko mako ne, 2 na ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2016. Roba tana tsufa ko da zanenta bai goge ba, zafinmu kuwa yana gaggauta tsufanta. Araha ba ta ado. Su kuma manyan tayoyi masu faɗi da siririn gefe, waɗanda matasa ke ƙawata mota da su, sun fi nauyi, sun fi jan mai, ba su kuma jure ramukan hanyoyinmu. Rami guda ya isa ya lanƙwasa ƙarfen.

Kaya ma haka. Abu na farko da mai shirya motar tsere ke yi shi ne sauke duk abin da ba dole ba. Mu kuwa sai ka ga mota tana yawo wata da watanni da tsohon batir da buhun siminti da jarkoki a baya, ga ragar kaya a bisa ba kome a kanta, tana tare iska. Kowane ɗaya da kuɗinsa a gidan mai.

Ƙafar direba

Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi. Daga gudun kilomita 90 a awa zuwa 120, gudun ya ƙaru da sulusi, amma turjiyar iska ta kusa ninki biyu, haka ma nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya. Mai gudun 120 yana cin mita 33 a kowace daƙiƙa, mai gudun 90 yana cin 25. Tsakanin Maraɗi da Damagaram, wajen kilomita 240, bambancin lokacinsu a takarda minti 40 ne, a zahiri kuwa bai kai haka ba, domin garuruwa da shingaye da dabbobi ba su barin kowa ya riƙe 120. In jaki ko yaro ya fito daga bayan gawo kusa da Tasawa, waɗannan mita 8 na kowace daƙiƙa su ne tsakanin tsoro da makoki. Sauri ya haifi nawa.

Akwai wata dabara da direbobi da yawa ke taƙama da ita, wato sakin giya a gangare, wasu har su kashe inji, wai tattalin mai. A mota mai injekta, in ka ɗage ƙafa daga totur kana cikin giya, ƙwaƙwalwa takan yanke mai gaba ɗaya, tayoyi su riƙa juya inji kyauta. In ka saki giya kuwa, dole ta ci gaba da ba shi mai don kada ya mutu. Ke nan dabarar ta koma asara. Kashe inji kuma ya fi muni, domin shi ke taimaka wa birki da sitiyari. Bayan taku biyu ko uku birki ya sandare, a gangaren tuddan Adar kuwa babu wurin koyon wannan darasi sau biyu. Haka nan barin mota tana aiki a tsaye, ana hira ko ana jiran fasinja, yana cin tsakanin rabin lita da lita guda a awa. Dumama inji na rabin awa da safe al'adar zamanin da ce. Minti guda ya isa, sai a tashi a hankali.

Man da kansa, da lissafinsa

Shekara da shekaru jama'ar kudancin ƙasar nan sun dogara da man kwalba, ruwa-ruwa, wanda ke shigowa daga Najeriya da araha. Matatar SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram a ƙarshen 2011, da ƙarfin tace ganga dubu 20 a rana, amma arahar man ƙetare ta sa da yawa ba su damu da lissafi ba. Da Najeriya ta janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, arahar ta ƙare, kowa ya koma gidan mai, a watan Maris 2025 kuma muka ga dogayen layuka a Yamai da sauran garuruwa. Wanda ya kwana a layi ya san darajar lita guda.

Ba mu ce duk mai sayar da man kwalba maha'inci ba ne, amma man da ya wuni a rana cikin kwalba ko jarka yana rasa sashensa mafi saurin kamawa, ƙura da ruwa suna samun hanyar shiga, in kuma aka yi rashin sa'a aka gauraya shi da kananzir, inji ya riƙa ƙwanƙwasa a hawa, fistan yana cin wuya. Karbureta takan haƙura da datti, a wanke ta a wuce. Injekta kuwa ƙofofinta ƙanana ne ƙwarai, ba ta yafewa. In larura ta sa, a tace da tsumma mai tsabta, a kuma riƙa canza matatar isanshi a kan kari.

Ga yadda kowa zai san gaskiyar motarsa ba tare da ya tambayi kowa ba. Ka cika tanki, ka rubuta lambar kilomita. Ka yi tafiyarka ta yau da kullum. Ka sake cikawa, ka duba lita nawa ta ɗauka, ka ninka da 100, ka raba da kilomitar da ka yi. In ta ɗauki lita 32 bayan kilomita 400, motarka lita 8 take sha a kilomita 100. Ka riƙe ɗan littafi a mota. Ranar da 8 ta zama 10, motar tana gaya maka akwai ciwo tun bai kwantar da ita ba.

Mu ɗauki misali da farashin sefa 499 da aka sa wa litar isanshi a watan Yuli 2024. Mai yin kilomita 50 a rana, in motarsa ta tashi daga lita 8 zuwa 10, lita guda yake zubarwa kullum, wato fiye da jikka 180 a shekara. Mai taksi da ke yin kilomita 200 kuwa lita 4 ce a rana, kusan jikka 60 a wata. Wannan kuɗin hatsi ne da kuɗin makarantar yara, suna fita ta salansa. Saurayin da ke son ya tabbatar ko gyaran da aka yi masa ya ƙara wani abu, ya yi wannan awo kafin gyaran da bayansa, sa'an nan mu ji.

Ina matasa za su kai sha'awarsu?

Sha'awar mota ba laifi ba ce. Daga irin waɗannan matasa ake samun ƙwararrun makanikai da direbobi, ƙasar da ba ta da teku kuwa, wadda kusan duk abin da take ci da sawa a kan taya yake zuwa, tana bukatarsu ƙwarai. Abin da muke ƙi shi ne a mai da titin unguwa filin tsere. Shi kansa Pari-Dakar, da likitocinsa da jiragensa, ya bar makoki a ƙauyukan Afirka. A 1988 kaɗai an rasa rayukan mutanen gari, har da yara, a Mali da Muritaniya, waɗanda ba su shiga tseren kowa ba. In haka ta faru ga masu tsari, ina ga mai juyi da mota a ƙofar gidan biki, da tsofaffin tayoyi da birkin da ba a duba ba?

Muna kira ga magadan gari da su ware fili a bayan gari inda matasa za su gwada gwanintarsu da ƙa'ida, da hular kwano da ɗamara, da shinge tsakaninsu da ƴan kallo, a kuma duba kowace mota kafin ta shiga. A haɗa da gasar tattali: a ba kowa lita 5, a ga wanda zai fi nisa. Nan za a san wanda ya san mota da wanda ya san ƙara. Muna kira ga shugabannin garaji da su gaya wa yaran nan gaskiya ko da za su rasa ɗan cinikin ranar, su kuma koya wa almajiransu dalilin kowane abu kafin su koya musu cire shi. Iyaye kuma su sani, makullin mota amana ce, ta ɗansu da ta ɗan maƙwabci.

Kai kuma saurayi, in da gaske kake son bin sawun Vatanen da ƴan gidan Marreau, fara daga inda suka fara. Gobe da safe, tun rana ba ta yi zafi ba, buɗe gaban motarka ka dubi matata, ka ja sandar baƙin mai, ka leƙa ruwa, ka auna tayoyi huɗu da ta ajiya, ka sauke kayan da ba su da amfani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu duba batun birki da fitilu gabanin damina. Allah ya tsare mu a hanya, ya kai kowa gida lafiya.